DAFADDU: TSIRON KURMI MARAR FURE, SIFFARSA DA HANYAR GANE SHI

Gabatarwa

Duk wanda ya ƙetare Kwara ya gangara kurmi, ko ya ratsa gonakin goro da na koko na ƙasar Yarabawa, in ya ɗaga kai zai hangi wani tsiro manne a jikin manyan itatuwa, sau da yawa sama da inda hannu ke kaiwa. Rabinsa busasshe ne, launin makuba, ya rungume itacen kamar garkuwa. Rabinsa kuwa ɗanye ne shar, yana reto ƙasa. Ba a taɓa ganin furensa ba, balle 'ya'yansa, domin kuwa ba ya yin su. Wannan tsiro shi ne Hausawan da suka san kurmi suke kira dafaddu, masana ilmin tsirrai kuma suke kiran gidansu Platycerium.

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana ƙirar dafaddu, da yadda yake rayuwa a bisa itace ba tare da ya taɓa ƙasa ba, da yadda yake hayayyafa, sa'an nan ta nuna alamomin da ake bi a rarrabe nau'o'insa biyu na Afirka ta Yamma. Akwai dalilin yin haka. Mutane da yawa suna ɗaukar duk abin da ya tsiro a jikin itace kauci ne, watau mai shan jinin itacen, saboda haka sai su sa lauje su kankare shi. Dafaddu kuwa baƙo ne da ya zo da guzurinsa, wurin zama kaɗai yake nema. Wanda ya fahimci ƙirarsa ba zai sake haɗa shi da kauci ba.

1. Suna da Asali

Sunan dafaddu yana cikin sunayen da J. M. Dalziel, wani likita ɗan ƙasar Sikotilan da ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya tattara a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa wanda aka buga a 1916. Samuwar suna na Hausa ga tsiron da ba ya fita a ƙasar Kano ko Katsina ba abin mamaki ba ne. Fataken goro sun daɗe suna shiga ƙasashen kurmi, kuma a kudancin ƙasar Hausa kanta akwai kurame na bakin rafi inda inuwa da laima ba sa yankewa. Abin da ido ya saba gani kuwa, baki ba ya barinsa babu suna.

Ta fuskar ilmi, wanda ya siffanta nau'in da ya fi yawa a kurmin Nijeriya shi ne wani Bafaranshe, Palisot de Beauvois, wanda ya sauka ƙasar Warri a 1786, ya kuma ziyarci Binin. A farkon ƙarni na 19 ya buga littafin tsirran waɗannan ƙasashe biyu, ya sa wa tsiron suna Acrostichum stemaria. A 1827 wani Bafaranshen kuma, Desvaux, ya ga cewa wannan tsiro da 'yan'uwansa sun isa a ware musu gida na kansu, sai ya ƙirƙiro sunan Platycerium daga kalmomi biyu na harshen Girka, ɗaya tana nufin faɗi, ɗaya tana nufin ƙaho. Daga nan sunan nau'in ya zama Platycerium stemaria.

Wannan kwatanci na ƙaho yana bukatar ɗan bayani. Turawa sun kamanta ganyen da ƙahon wasu namun dajin ƙasarsu, wanda yake yin rassa kamar itace. Barewa da gada da mariri kuwa ƙahonsu ba ya rassa, don haka kwatancin ba ya faɗa wa Bahaushe kome. Abin da ya fi kusa da siffar ganyen a idon Bahaushe shi ne gwafa, kuma da ita za a yi aiki a nan.

Gidan Platycerium ƙarami ne, nau'o'insa wajen 18 ne a duniya duka. Guda 6 suna Afirka da tsibirin Madagaska, guda 1 tak yana Amurka ta Kudu, a ƙasashen Peru da Bolibiya, sauran kuwa suna kudu maso gabashin Asiya da Niyu Gini da Ostiraliya. A Afirka ta Yamma biyu ake samu: Platycerium stemaria, da Platycerium elephantotis, wanda Bajamushen nan matafiyi Georg Schweinfurth ya raɗa wa suna a 1871, bayan tafiyarsa a yankin Baharul Gazal. Ma'anar sunan na biyu ita ce kunnen giwa. An daɗe kuma ana kiransa Platycerium angolense a littattafai.

Shi gidan kansa reshe ne na wata babbar zuriya ta tsirrai marasa fure masu hayayyafa da ƙura, wadda nau'o'inta suka haura 10,000. Tsohuwar zuriya ce ƙwarai, domin an sami sawunta a duwatsun da suka wuce shekara miliyan 350, tun kafin a yi tsiro mai fure a bayan ƙasa.

2. Ƙirar Jiki

In aka ɓamɓaro dafaddu daga jikin itace aka buɗe shi, abin da za a tarar a tsakiya shi ne wani gajeren kara mai kauri, lulluɓe da ƙananan ɓawo launin ƙasa. Wannan shi ne ainihin jikin tsiron. A bakinsa akwai toho guda ɗaya, inda duk ganye ke fitowa. In tohon nan ya lalace, wannan gindi ya mutu ke nan. Daga karan kuma saiwoyi sirara masu yawa suke bazuwa, wasu su kama ɓawon itacen, wasu su kutsa tsakanin matattun ganyaye.

Babban abin lura shi ne dafaddu yana da ganye iri biyu, kowane da aikinsa.

Na farko shi ne ganyen garkuwa. Ba shi da wuya. Yana fitowa ne ya shimfiɗu a jikin itacen, ƙasansa ya lafe ya rufe kara da saiwoyi, samansa kuma ya miƙe tsaye ya ɗan buɗe baki, ya bar sarari tsakaninsa da itacen. Yana fara rayuwa kore, ba da daɗewa ba sai ya bushe ya koma launin makuba. Amma bushewarsa ba ita ce ƙarshen amfaninsa ba, domin ba ya faɗuwa. Sabo yana fitowa ya hau kan tsoho, wani a kan wani, har su taru su yi kauri kamar shafukan tsohon kundi. Gindinsu yana da laushi irin na soso, yana tsotse ruwa ya riƙe.

To, bakin nan da ya buɗe sama, kwando ne. Busasshen ganyen da ya kakkaɓo daga itacen, da ɓawo, da kashin tsuntsaye, da matattun ƙwari, da ruwan saman da ke gangarowa ta jikin itacen, duk a ciki suke taruwa. Sannu a hankali su ruɓe su zama taki, saiwoyin tsiron su shiga su sha. Watau dafaddu gonarsa yake ginawa da kansa a sama, da juji da rijiya duka. Tururuwa da wasu ƙananan halittu sukan tare a cikin wannan kwando, abin da suka jawo da abin da suka bari ya ƙara wa takin ƙarfi.

Na biyu shi ne ganyen gwafa, wanda yake retowa ƙasa. Yana fara fitowa siriri daga toho, yana ƙara faɗi yayin da yake nisa, tsawonsa yakan kai santimita 60 ko fiye. Shi ne mai karɓar hasken rana ya sarrafa abinci, shi ne kuma mai ɗauke da ƙurar haihuwa. Saɓanin ganyen garkuwa, shi in ya tsufa yakan tsinke daga gindinsa ya faɗi. Bayansa, watau fuskar da ke kallon ƙasa, lulluɓe yake da wani farin gashi mai laushi kamar auduga. In aka duba da madubin ƙara girma za a ga kowane gashi yana da rassa da suka bazu kamar tauraro. Aikinsu shi ne rage ƙafewar ruwa daga ganyen, abin da ya zama wajibi ga tsiron da ba shi da saiwa a ƙasa.

3. Dafaddu da Kauci

A nan ne ya kamata a tsaya a bambance. Kauci tsiro ne mai fure, furensa dogaye ne sirara kamar tsinken ashana, galibi ja ko ruwan ɗorawa. 'Ya'yansa suna da danƙo. Tsuntsu ya ci, ya goge bakinsa a reshe ko ya yi kashi, irin ya manne ya tsira. Daga nan sai ya soka wani tsinke ya huda ɓawon, ya haɗe da hanyoyin ruwan itacen, ya riƙa zuƙa. Wurin haɗuwar yakan kumbura, kuma reshen daga nan zuwa gaba yakan rame, ƙarshe ya bushe. Ɓarnar da kauci yake yi wa koko da goro a kurmi, da kaɗanya da ɗorawa a arewa, sananniya ce, kuma manomin da ya sare shi ya yi daidai.

Dafaddu ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Saiwoyinsa a bayan ɓawo suke tsayawa. Akwai shaida mai sauƙi: in aka cire shi aka ɗaura a busasshen katako aka riƙa ba shi ruwa, zai ci gaba da rayuwarsa har shekaru, kuma haka masu lambu suke renonsa a Turai da Amurka. Kauci kuwa, ranar da aka sare reshensa ranar ya fara mutuwa. Iyakar abin da za a zargi dafaddu da shi shi ne nauyi: in ya yi shekaru ya taru da yawa ya sha ruwa, yana iya karya reshen da dama ya riga ya ruɓe. Kama da wane dai ba wane ba ce.

4. Haihuwa ba Fure

Tsiron da ba ya fure ba ya 'ya'ya, ta yaya yake yaɗuwa? Wannan tambaya ta daɗe tana ɗaure wa mutane kai, har a Turai aka yi zamanin da ake camfa cewa irin waɗannan tsirrai ɓoyayye ne, ido ba ya ganinsa. Amsar ta zo ne daki-daki. A 1794 aka buga rahoton John Lindsay, wani likita a tsibirin Jamaika, wanda ya shuka ƙurar da ke bayan ganye ya ga ta tsira. A 1844 Nägeli ya ga ƙwayoyin namiji suna iyo, a 1848 Leszczyc-Suminski ya gano ma'ajin ƙwai, sa'an nan a 1851 Wilhelm Hofmeister na ƙasar Jamus ya haɗa zancen wuri ɗaya, ya nuna cewa rayuwar waɗannan tsirrai hawa biyu ce, ɗaya tana haifar ɗaya.

Ga yadda abin yake ga dafaddu. A bayan ganyen gwafa da ya balaga akwai wani fili launin ƙasa mai laushi kamar karan-miski. Wanda bai sani ba zai ce cuta ce ta kama ganyen. A haƙiƙa dubban 'yan battoci ne a cunkushe, kowace a kan siririn wuya, kowace kuma ɗauke da ƙwayoyin ƙura, yawanci 64. Kowace batta tana da wani zobe mai kauri da ya kewaye ta. In iska ta bushe, ruwan da ke cikin zoben ya fara ƙafewa, sai zoben ya riƙa lanƙwasawa baya har battar ta tsage. Can sai ya ɓalle ya dawo da ƙarfi, ya watsa ƙurar kamar yadda majajjawa take jefa dutse. Ƙwayar ƙura ɗaya ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, saboda haka iska tana ɗaukarta ta kai ta nesa.

Ƙurar nan ba iri ba ce, domin babu ɗan tsiro a cikinta, babu kuma guzuri mai yawa. Mafi yawanta a banza take faɗuwa. Wadda ta dace ta sauka a wani lungu mai laima a jikin itace, sai ta tsira, amma abin da take fitarwa bai yi kama da dafaddu ko kaɗan ba. Wani ɗan kore ne siriri, shimfiɗaɗɗe, mai siffar zuciya, wanda bai kai faɗin farce ba. Wannan shi ne hawa na biyu. A ƙarƙashinsa ake samun ma'ajin ƙwayoyin namiji da ma'ajin ƙwai. Ƙwayar namiji tana da gashin iyo, kuma ba ta da wata hanyar isa ga ƙwai sai ta cikin ruwa, ko da raɓa ce ko ɗigon ruwan sama. In sun haɗu, daga nan ne sabon dafaddu yake fitowa, ɗan koren kuma ya shanye ya ɓace. Ana ɗaukar watanni kafin ganyen farko ya bayyana, shekaru kuma kafin tsiron ya isa yin tasa ƙurar.

Wannan ne ya bayyana abin da ya tsare dafaddu a kurmi. Babban tsiro yana iya jure rani da ruwan da ya adana a garkuwarsa, amma ɗan koren nan sai da laima. Inda babu laima mai ɗorewa, haihuwa ba ta yiwuwa.

Har ila yau akwai hanya ta biyu. Nau'o'in nan biyu na Afirka ta Yamma sukan fid da 'ya'ya daga bakin saiwoyinsu, sabon toho ya ɓullo a gefen uwa, wani a gefensa, har su kewaye itace kamar ɗamara. Abin da ido yake ɗauka tsiro ɗaya ne, sau da yawa gida ne guda. A 2021 Kevin Burns da abokan aikinsa suka buga binciken da suka yi a tsibirin Lord Howe kan wani nau'i na Ostiraliya, Platycerium bifurcatum, inda suka nuna alamar rabon aiki a irin wannan taro: na sama sun fi tara ruwa, na ƙasa sun fi adana shi, wasu kuma ba sa yin ƙura sam.

5. Rarrabe Nau'o'in Biyu

A tsirrai masu fure, da fure ake gane dangi. A nan kuwa babu shi, don haka masana suka dogara ga abu uku: siffar ganyen da ke reto, wurin da filin ƙura ya zauna a bayansa, da siffar garkuwa. A kan waɗannan ne A. H. G. Alston ya gina bayaninsa a littafinsa na 1959 kan wannan zuriya a Afirka ta Yamma, haka kuma Hennipman da Roos a nazarinsu na gidan Platycerium duka a 1982.

Platycerium stemaria. Ganyensa mai reto yana rabuwa biyu, kowane reshe kuma ya sake rabuwa biyu, watau gwafa a kan gwafa, bakunan su ƙare da tsini. Samansa kore ne mai duhu da ƙyalli, bayansa fari fat saboda yawan gashi. Filin ƙura yana zaune ne a hammatar gwafa ta ƙarshe, ya bi gefenta biyu, siffarsa kamar lamba bakwai ta Larabci, kuma ba ya kaiwa can bakin tsinin. Ganyayen garkuwa dogaye ne, bakinsu na sama yana da lanƙwashe-lanƙwashe. Ya fi son inuwa da laima, saboda haka akan same shi a tsakiyar kurmi, sau da yawa ba can ƙololuwar itace ba.

Platycerium elephantotis. Ganyensa mai reto ba ya rabuwa ko kaɗan. Faffaɗa ne guda, siriri a gindi, mai faɗi da kewayayyen baki, jijiyoyinsa sun fito ɓaro-ɓaro kamar na ganyen kabeji. Galibi biyu ne suke reto, ɗaya dama ɗaya hagu, kuma wanda ya gan su zai san dalilin sunan kunnen giwa. Filin ƙura guda ɗaya ne babba, ya mamaye bayan ganyen ta wajen baki. Ya fi ɗan'uwansa son haske da jure fari, don haka yana kaiwa gefen kurmi da kuramen bakin rafi, inda ake yin rani sosai. Da rani ganyensa yakan yi yaushi, damina ta faɗi ya farfaɗo.

A taƙaice, in ganyen ya yi gwafa, stemaria ne. In ya tafi guda, elephantotis ne. Sai dai a yi hattara da ƙaramin tsiro, domin stemaria ma yana ƙarami ganyensa bai fara rabuwa ba. Hukunci ba ya tabbata sai a kan ganyen da ya fid da ƙura.

Akwai kuma maƙwabta da suke zama a itace ɗaya da shi, waɗanda suke iya rikita mai koyo. Drynaria laurentii shi ma yana da busassun ganyaye masu tara juji, amma ganyensa ɗanye a tsattsage yake dama da hagu kamar gashin tsuntsu, ƙurarsa kuma a ɗigo-ɗigo take. Microsorum punctatum ganyensa dogo ne kamar takobi, bayansa da ƙananan ɗigo barkatai, ba shi da garkuwa. Asplenium africanum shi ma dogon ganye gare shi, amma ƙurarsa a jere take layi-layi bisa jijiyoyi. Nephrolepis kuwa, wanda yake cika jikin kwakwar manja, ganyensa ƙanana ne a jere bisa tsinke ɗaya. A cikinsu duka babu mai shimfiɗa ƙurarsa fili guda kamar karan-miski sai dafaddu.

Mai son tabbatarwa ba ya bukatar ya ɓamɓare tsiro duka. Ganye ɗaya balagagge ya isa. A kwantar da shi a kan farar takarda, bayansa yana ƙasa, a bar shi kwana ɗaya ko biyu a wuri busasshe marar iska. In aka ɗaga za a tarar ƙurar ta zuba ta zana siffar filin a takardar. Ganyen kuma a matse shi tsakanin takardu ya bushe, a rubuta wuri da rana da irin itacen da aka same shi, yadda ake yi a ma'ajin busassun tsirrai na Ibadan.

Kammalawa

An ga cewa dafaddu tsiro ne marar fure mai ganye iri biyu, ɗaya yana tara masa taki da ruwa, ɗaya yana sarrafa abinci yana ɗauke da ƙura; an ga rayuwarsa hawa biyu ce, kuma hawa na biyun ba ya yiwuwa sai da laima; an kuma ga yadda gwafa da wurin zaman ƙura suke raba stemaria da elephantotis.

Abin da ya rage shi ne makomarsa. Dafaddu yana bukatar tsohon itace mai kaushin ɓawo, da inuwa, da shekaru masu yawa ba tare da an taɓa shi ba. Duk babban itacen da aka kayar a kurmi, da shi da gidajen dafaddun da ke kansa da halittun da ke cikinsu suke faɗuwa, kuma sabon dashe ba ya maye gurbinsa sai bayan zamani mai tsawo. Manomin da zai share itatuwan gonarsa ya kamata ya duba kafin ya sa lauje: in ya ga fure da kumburi a reshe, kauci ne, ya sare, in ya ga garkuwa da farin gashi a bayan ganye, ya bar shi, ba abin da ya ci masa. Haka kuma sunan kansa abin kiyayewa ne. Kalmomi irin su dafaddu suna raye ne muddin akwai mai iya nuna abin da suke nufi da yatsa, kuma wannan aiki ne da ya rataya a wuyan masana harshe da masana tsirrai baki ɗaya.